Tashar jirgin ƙasa a tafin hannu: Yadda muka harhaɗa ta a Magarya, garin da jirgi bai taɓa zuwa ba

Kwalin bai kai girman kwalin takalmi ba. A jikinsa akwai hoton tashar jirgin ƙasa ta wani ƙauyen Jamus: jan rufi, farin bango, furanni a bakin tagogi, ga agogo a saman ƙofa.

Yayana da ke zaune a Hamburg ne ya aiko shi cikin tsarabar da ya ba wani mai zuwa gida, ya biyo da saƙon murya cewa a ba yara su yi wasa. Da muka buɗe shi a tsakar gidanmu a Magarya, babu tasha a ciki. Gutsattsarin roba ne sama da ɗari, maƙale a jikin wasu firam-firam, sai takarda mai zane da lambobi da kibiyoyi.

Ɗan yayata mai shekara 12, wanda duk unguwar ta san shi da ƙera motar kara, ya juya gutsattsarin ya sake juyawa, sannan ya tambaye ni ina jirgin yake. Babu jirgi a kwalin. Babu kuma a Magarya, babu a Dungas, babu a duk faɗin jihar Damagaram. Cikin yara bakwai da suka kewaye tabarmar ran nan, babu wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa in ba a waya ba.

Mako biyu muka yi muna fama da wannan kwali.

Wasan da manya suka ƙwace

A Turai da Amurka da Japan, ƙera ƙananan jiragen ƙasa ba wasan yara ba ne kawai. Magidanta ne, har da masu furfura, ke ware ɗaki guda a gida, su shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan teburi, su sa masa lantarki jirgi ya riƙa zagayawa. Amma jirgin shi kaɗai ba ya ƙayatarwa. Dole a gina masa duniyar da zai ratsa: tasha, sito, tankin ruwa, gidaje, gada, itatuwa, mutane. Gine-ginen nan ne ake sayarwa a warwatse cikin kwali, mutum ya harhaɗa da hannunsa, ya yi musu fenti.

Sana'a ce mai dogon tarihi. Kamfanin Märklin na Jamus tun 1859 yake, kuma har yau yana ƙera ƙananan jirage. Faller, shi ma na Jamus, wanda aka kafa a 1946, ya yi suna wajen gine-gine. A Amurka akwai Walthers, a Ingila akwai Hornby. A birnin Hamburg, inda yayana ya ga abin har ya burge shi, akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland da wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Shi ne mafi girma a duniya a wannan fanni, tsawon ɗan layin dogon da ke cikinsa ya haura kilomita 15, kuma mutane da yawa kan sayi tikiti tun kafin ranar zuwa. Mawaƙin Birtaniya Rod Stewart kuwa ya shafe fiye da shekara 20 yana gina wani ƙaramin birni irin na Amurka a saman gidansa.

Takardar kuɗin da ke manne a kwalinmu ta nuna Yuro 30. Da yake Yuro ɗaya sefa 656 ne, kuɗin ya doshi jaka 20. Da na faɗa wa mahaifiyarmu, sai da ta sake ɗaga kwalin ta girgiza shi, ko akwai wani abu a ciki da ba ta gani ba.

Ɗaya bisa 87

A kusurwar kwalin an rubuta H0, a ƙarƙashinsa 1:87. Wannan shi ne sirrin abin gaba ɗaya, kuma shi ne ya bambanta shi da motar kara.

Ma'anarsa, duk abin da ke cikin kwalin an rage girmansa sau 87 daga na gaskiya. Ba bango kaɗai ba, har ƙofa da taga da bulo da kujerar zama. Mutum mai tsawon mita 1.74 ya koma santimita 2 cif. Ƙofa mai tsawon mita 2 ta koma santimita 2.3. Ginin da ya kai mita 20 a tsaye zai kwanta a kan rular ɗan makaranta da ragowa. Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na layin dogo na zamani milimita 1,435 ce, in ka raba da 87 ka samu milimita 16.5, kuma daidai haka ake ƙera ɗan layin, ko a Jamus ko a Japan. Shi ya sa jirgin wani kamfani ke hawa layin wani, gidan wani kamfani ya zauna kusa da na wani ba tare da ɗaya ya zama ƙato ba.

Akwai wasu ma'aunan. N, wato 1:160, ya fi ƙanƙanta, masu ƙananan ɗakuna ne suka fi son sa. Ingilawa suna da nasu, 1:76. Amma 1:87 ya fi yaɗuwa a duniya.

Lissafin ya fara daɗi ne da yaran suka juya shi baya. Karan dawa mai kaurin santimita 2, in ka ajiye shi kusa da tashar, ya zama gungumen da kaurinsa ya kai tsayin mutum. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya ta zama dutsen da ya cika hannu. Tururuwar da ta bi ta bakin ƙofar tashar kuwa, da muka auna, ta kusa kai kyanwa. Yaron da malaminsa na lakwal ya gaji da koya masa rabawa, ran nan da kansa ya ɗauki alli yana raba tsawon ɗakin kakarsa da 87 a jikin bango.

Reza, gam da haƙuri

Robar da ake yin irin waɗannan kaya sunanta polistirin. A masana'anta ana narka ta ne a tura cikin mazubi, shi ya sa gutsattsarin ke fitowa maƙale da firam ɗin da robar ta bi ta kwarara. Kowane guntu da lambarsa a jikin firam ɗin, ba a jikinsa ba. Darasin farko ke nan, kuma da kuskure muka koye shi: kafin in dawo daga sallar la'asar, ƙananan sun murɗe tagogi goma sha biyu sun zube su a faranti. Tagogin iri uku ne, bambancinsu bai kai kaurin farce ba. Yini guda muka ɓata muna gwada kowace a kowane rami.

Murɗewar ma kanta ɓarna ce, domin tana yage gefen robar. Yankewa ake yi. Masu abin suna da ɗan almakashi na musamman, mu kuwa abin yanke farce muka sa, ya kuma yi aiki. Inda aka yanke ana goge shi da sanfefa mai laushi ko a kankare da reza, in ba haka ba bango ba zai haɗu da bango ba. Sai a wanke gutsattsarin da ruwan sabulu, saboda maiƙon masana'anta da na hannu yana hana fenti kamawa.

Kafin a sa gam, a gwada tukuna. A tsayar da bango huɗu a busasshe, a ga inda ya zauna da inda ya ƙi.

Batun gam ya fi komai ba mu wahala. Gam ɗin da aka yi domin wannan roba ba liƙa ta yake yi ba, narka fuskarta yake yi kaɗan, gefe biyu su haɗe su zama abu ɗaya, kamar walda. Ana ɗiga shi ne ta ciki, ya bi tsagin da kansa. Yayana ya haɗo da 'yar kwalba ɗaya. A zafin Magarya, in ka bar ta a buɗe kana neman guntun da ya faɗi, ƙamshinta kawai za ka tarar. In kuma ya taɓa yatsa ka dafa bango, shatin yatsanka ya zauna ke nan har abada. Akwai nawa a bangon baya, kusa da ƙofar sito.

Da kwalbar ta yi ƙasa, sai muka fara duba abin da ke kasuwa. Sholisho na masu faci ba ya yi: yana da kauri, yana jan zare, yana iya cin robar, ga shi ba abin da za ka ajiye a gaban yara ba ne, kowa ya san dalili. Sufa-gulu yana kamawa, amma ba ya ba ka damar gyara, kuma in ya kusanci robar da ke madadin gilashi sai ya bar mata farin hazo. Biyu daga tagoginmu haka suka makance. Daga baya muka gano farin gam na kafintoci shi ne maganin tagogi, don in ya bushe ba a ganin sa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kusurwa. Bango biyu na farko in ba su tsaya daidai ba, rufi ba zai zauna ba, kuma ba za ka sani ba sai a ƙarshe. Mun jingina su da kwalin ashana, muka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, muka bar su suka kwana. A nan na ga bambancin hannu. Nawa rawa yake yi. Na ɗan yayata, wanda ya saba soka ƙayar aduwa cikin totuwar kara ba tare da ta tsage ba, ko motsi. Ƙananan abubuwa irin su indararo da agogo da fitilar bakin ƙofa duk shi ya ɗora su, da hantsakin da muka aro wajen wanzami.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai gwada a ƙasarmu: kada a shanya wannan roba a rana, kada kuma a bar ta a mota rufaffiya. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, siririn bango yana iya lanƙwashewa kamar ganda.

Fentin da ya mayar da ita tamu

Da ginin ya tsaya, ya yi kyau, amma baƙo ne. Yana ƙyalli kamar sabon bokiti. Rufinsa mai tsini ne, an yi shi don ƙanƙara ta zame. Ba wanda zai kalle shi ya ce a Damagaram yake.

Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin cewa roba tsirararta ba ta kama da gini. Shi ya sa rabin aikin fenti ne. Ana fara shafa fentin shimfiɗa, ruwan toka ko fari maras ƙyalli, don na sama ya samu abin kamawa. Sannan a bi da launi, da fentin ruwa irin na masu zane wanda ake kira akirilik. A sirka shi ya yi kamar madara, a shafa siriri sau biyu ko uku. In ka yi gaggawa ka lafta mai kauri sau ɗaya, ka binne zanen bulo da na katako da aka wahala aka fitar. Fentin mai da tina kuwa a yi hattara da su, wasu suna cin robar. Da mun sani ma, da tun suna jikin firam muka fenta tagogi da ƙofofi, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A nan muka ajiye hoton kwalin gefe. Bango ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa mai haske, kamar na tsofaffin ofisoshin gwamnati da ke garuruwanmu. Ƙasan bangon muka ja masa ɗamara mai duhu. Ƙofofi da tagogi suka zama shuɗi, irin na shagunan bakin kasuwa. Furannin tagogi muka bar su a firam ɗinsu.

Rufin ne ya jawo gardama. Yaran suka ce ba su san rufin tayil ba, kwano suka sani. Kwanon rufi na gaskiya, in ka rage shi sau 87, tudu da kwarinsa ba su kai milimita ɗaya ba. Ɗan yayata ne ya kawo dabara: takardar azurfa ta cikin kwalin sigari ko ta naɗe abinci, a ɗora ta a kan murfin jarka mai tsaga-tsaga, a goga da farce. Ta fito da layi-layi daidai misali. Muka yanka ta falle-falle muka liƙa a kan jan rufin Jamusawa.

Sai mataki na ƙarshe, wanda ya fi kowanne daɗi: tsufar da gini. Turawa suna kashe kuɗi su sayi garin launi a 'yan kwalabe, mai sunan ƙura, mai sunan tsatsa, mai sunan hayaƙi. Mu a tsakar gida muke taka su. Mun tankaɗe jar ƙasa da tsumma har ta yi laushin kwalli, muka shafa a gindin bango da busasshen burushi, daidai inda ruwan damina ke fallatsa laka. Mun daka gawayi muka yi baƙin hayaƙi a saman tagar da muka ce nan ne mai shayi zai zauna.

Dabaru biyu na masu abin sun yi mana amfani. Ta farko, a sirka baƙin fenti ko ruwan ƙasa da ruwa mai yawa har ya zama kamar ruwan wanki, a shafe bangon da shi. Ruwan yana gangarawa cikin tsagogi ya zauna, sai ka ga bulo ya fito ɗaya-ɗaya. Ta biyu akasin haka ce: a ɗebi fenti mai haske a burushi, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan a shafa sama-sama. Gefuna da kusurwoyi kawai yake kamawa, kamar inda rana da hannu suka koɗe. Tsatsar kwano kuma daga sama ake jan ta zuwa ƙasa, inda ruwa ke bi, ba a barbaɗa ta ko'ina.

Babban kuskure a nan shi ne zarcewa. Ƙura tana da daɗin sawa, kafin ka ankara ka mayar da tasha kango. Sai da muka wanke bango ɗaya muka sake. Wanda zai yi fenti da hunturu kuma ya tanadi kwano ko kwali ya kife a kan aikin, don iska za ta yi masa nata fentin ba tare da ya roƙa ba.

Da aka zo rubuta suna a allon tasha, ba a yi shawara ba. Magarya aka rubuta, da bakin allura.

Jirgin da ke wucewa ta gefe

Wanda ya ga allon nan zai yi dariya, amma Magarya ta daɗe tana hulɗa da jirgin da ba ta taɓa gani ba.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Daga nan aka ja reshe zuwa Nguru, wanda ya kammala a 1930, ya ratsa ta Ringim da Malam Madori, kudu da iyakar da Dungas ke kallo. A zamanin gyaɗa, yankin Magarya da Matamaye na cikin manyan masu noma ta a Nijar, kuma kaso mai yawa na gyaɗar ta Kano yake bi, a loda shi a jirgi zuwa bakin teku a Legas. A shekarun 1950 Faransawa suka ɓullo da shirin da suka kira Opération Hirondelle, don karkatar da kaya zuwa Kwatano ta Parakou, inda layin dogon Dahomey ya tsaya. Ko ta wace hanya, buhun gyaɗar Magarya ya hau jirgi, manomin da ya noma ta bai hau ba.

Nijar ta samu 'yancin kai a 1960 ba ta da layin dogo nata. A watan Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, a zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa kusan kilomita 140 zuwa Dosso, aka yi bikin kammalawa a farkon 2016. Niyyar ita ce a haɗe da Parakou. Rikicin shari'a da attajirin Benin Samuel Dossou kan wanda ke da haƙƙin aikin ya tsayar da komai, layin bai taɓa yin jigilar kasuwanci ba. Wato tashar Yamai da tamu ta tsakar gida, a wannan fuska, jirgi ɗaya ya kwaso su, in ana iya faɗin haka ga tashoshin da ba su da jirgi.

Yanzu ido yana kan layin Kano zuwa Maraɗi. A watan Fabrairun 2021 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin: kilomita 284, kuɗi kusan dala biliyan 2, kamfanin Mota-Engil na Portugal ke yi. Zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. An sha ɗaga ranar kammalawa, kuma tsakanin nan an ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da rufe iyaka na watanni, da ficewar Nijar daga ECOWAS. Yaran sun yi lissafin wannan layin ma: in za a ƙera shi a 1:87, sai an samu fili mai tsawon kilomita 3 da 'yan kai.

Ko an gama shi gobe, ba zai taka jihar Damagaram ba. Tasha mafi kusa da Magarya za ta kasance Daura, wadda ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, kusan tafiyar da mutum zai yi zuwa birnin Damagaram. A Daura ɗin kuma aka gina jami'ar sufuri ta tarayyar Najeriya, wadda aka aza harsashinta a 2019 domin horar da waɗanda za su riƙe irin wannan aiki. Jirgi zai buƙaci masu walda, masu lantarki, masu awon ƙasa, masu karanta zane. Tambayar da ta dame ni ina kallon yaran nan ita ce, a cikinsu wa zai shiga wannan layi, wa kuma zai tsaya a ɗaukar kaya a bakin tasha kamar yadda kakanninsu suka yi dakon gyaɗa.

Abin da yaran suka riga suka iya

Mako na biyu na ɗauki tashar a cikin kwali, na rungume ta a kan babur zuwa Dungas, wajen dangin mahaifiyarmu. Dungas a da ƙarƙashin Magarya take, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Fuskarta a harkar kasuwa tana kallon Maigatari ne, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci a tsallaken iyaka.

Yaran can abin da suke gani shi suke ƙerawa: motocin shanu. Na ga wata ta kara da ta kai tsawon hannu, da bodinta mai sanduna, da tsani a gefe, da ɗan ɗakin da yaran mota ke kwana a saman kai. Tayoyin daga tsohon silifa aka yanko, an jera su bibbiyu a baya. Wani ya yi tasa da gwangwanin madara da waya, ya sa mata dogon sitiyari yana tuƙa ta a tsaye, ƙafafun gaba suna juyawa da gaske. Ba takarda, ba lamba, ba kibiya. Ido ne kawai da reza.

In za a faɗi gaskiya, wanda ya ƙera wannan ya fi wanda ya harhaɗa kwali fasaha. Kwalin an riga an yi maka tunani, kai dai ka bi lamba. Mai motar kara shi ne mai zane, shi ne mai nemo kaya, shi ne makaniki. Abu ɗaya ne kwalin ya fi shi da shi: awo. A motar kara taya tana iya kai rabin tsayin bodi, ba wanda zai ce komai. Kuma awon nan shi ne ƙofar da ke tsakanin wasa da sana'a. Masu zanen gine-gine, irin su Mariam Issoufou 'yar Nijar da ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa, sana'arsu ba ta rabuwa da ƙaramin samfurin da ake yi bisa awo kafin a haƙa tushe. Kamfanonin mota har yau suna sassaƙa sabuwar mota da yumɓu kafin su taɓa ƙarfe. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a wannan duniyar ya yi suna.

Ita kuma motar kara tana ja da baya. Motocin roba na China sun cika kasuwannin ƙauye, da araha, suna karyewa cikin kwana uku a sayi wasu. Yaron da ya samu waya a hannu ba ya komawa neman kara. A lakwal, aikin hannu shi ne darasin da ake fara yankewa in lokaci ya ƙure. Cibiyoyin koyon sana'a da ke garuruwanmu suna karɓar yara ne bayan sun girma, galibi bayan karatu ya ƙi, kamar dai hannu wurin fakewar wanda kai ya gaza ne.

Ga 'yan uwa da ke waje masu tunanin tsaraba, ga abin da na gani. Kwalin jaka 20 sau ɗaya ake harhaɗa shi, ya ƙare. Abin da ya rage yana aiki a gidanmu har yau shi ne rular ƙarfe, da ƙananan burusa biyu, da ragowar fenti, da mutum-mutumin fasinjoji shida masu tsawon santimita 2 da suka zo a kwalin. Waɗannan 'yan mutanen sun zama ma'auni. Duk abin da yaro ya ƙera, sai ya tsayar da ɗaya a gefe ya ga ko zai iya shiga ƙofar. Wanda zai aiko, ya aiko da irin waɗannan, da ɗan layi ko da mita ɗaya ne. Ginin kuwa a bar musu, akwai kara, akwai kwali, akwai laka.

A Dungas ɗin ma hakan ta faru. Wani yaro da bai wuce shekara 10 ba ya karɓi ɗaya daga fasinjojin, ya tsayar da shi kusa da motarsa ta shanu, ya ga kansa bai kai tsakiyar taya ba. Bai ce komai ba. Ya zare tayoyin, ya koma gindin bishiya da reza da guntun silifa.

Da na dawo Magarya, na tarar ɗan yayata ya share wani lungu a bayan rumbu, ya daddaɓe ƙasa, ya ja layi biyu da tsinken tsintsiya, tazararsu milimita 16 da rabi, ya auna da rula. A gefe ya fara ɗora sito na laka, da zankwaye a kusurwoyi irin na gidajen unguwar Birni a Damagaram, kowane zanko bai kai ƙwayar wake ba. Ya yanka gwangwanin tumatir ya yi tankin ruwa. Ya ce saura buhunan gyaɗa, yana tunanin ko ƙwayar shinkafa za ta yi.

Mun auna. Ƙwayar shinkafa mai milimita 7, sau 87, ta ba da santimita 61. Ya ce buhun ya yi ƙarami, zai gwada da alkama.